Malamin da ya koya min bambancin may da must

Labarin ya same ni da safen nan, ina tsakiyar cunkoso a hanyar ofis. Malam Habibu ya rasu.

Matarsa, Hajiya Binta, ce ta kira ni da kanta. Ta ce, "Rahila, Malaminku ya tafi. Ya yi sallar asuba a zaune, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Shi ke nan."

Na ce, "Mama, wane Malam?" Kamar ina da wani.

Na gangara gefen titi na kashe mota. A cikinta nake rubuta wannan, don ban ga abin da zai kai ni ofis yau ba.

Kafin idona ya washe in iya duba waya, har an sa hotonsa a guruf ɗin ma'aikata. Wani ya rubuta, "Bawan Allah mai haƙuri, ba ya ja da kowa." Wani ya ce, "Mutum shiru-shiru, ba ruwansa."

A'a. Ku yi haƙuri, amma a'a.

Ban san wa kuke nufi ba. Malam Habibun da na sani, ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba a garin nan. Ya ja da mutane da yawa, har da wasu cikin masu rubuta ta'aziyyar nan. Ba zan zuba ido a sake masa hali tun ba a kai shi makwancinsa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba: mutumin Zariya ne. Ya daɗe yana koyar da Turancin aiki a wata cibiyar horar da ma'aikatan gwamnati a nan Abuja. Da yawa cikin daraktocin da ke sa hannu da koren biro yau, shi ya koya musu yadda ake rubuta wa na sama takarda.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya yi jinya mai tsawo. Ya dawo aiki da sanda, baki ya ɗan karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa. Magana tana fita, amma sai ka kasa kunne.

Shugaban cibiyar ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, ya sa aka kawo shayi, sannan ya ce, "You may wish to consider resting."

Duk wanda ya zauna a ajin Malam ya ji wannan labari, yana ba da shi yana dariya da rabin baki. Ya ce, "Kun ga wannan may wish to ɗin? A littafi shawara ce. A ofishin gwamnati kora ce, ladabi kawai aka yi mata. Ni kuwa na shanye shayina tas, na ce masa, I may, sir, but I won't."

Duk da haka suka yi masa ritaya. Suka ce saboda lafiyarsa.

Ya koma gidansa na Tungan Maje ya zauna koyon rubutu da hannun hagu, kamar ɗan firamare, ga furfura. Hajiya ta ce min wani lokaci yakan yi jifa da biron don haushi, ta ɗauko masa, ya sake jefarwa, ta sake ɗaukowa. Da hannun ya faɗa, sai ya ce ta ba shi ɗakin bayan shagonta na atamfa da ke Gudu, inda take ajiye kaya. Aka matsar da dilolin yadi gefe, aka kafa allo, aka jera bencina.

Kowace Asabar, shi da sandarsa, daga Tungan Maje har Gudu a motar haya, ana matse shi a baya. Ko ana ruwa ko ana rana.

Wannan ne mutumin da ba ya ja da kowa?

Ni injiniyar gine-gine ce, ina aiki a wata hukumar tarayya. Na yi digiri na biyu, da Turanci na yi duk karatuna. Abin da ya kai ni ajinsa abin dariya ne. A wani taro na miƙa wa darakta fayil na ce, "Sir, you must sign here." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Must I?" Aka kwashe da dariya, ni ban ma gane abin da na yi ba. Wata abokiyar aikina ta ja ni gefe ta ce, "Zo in kai ki wajen wani tsoho."

Ranar farko ya tambaye ni, "'Yata, kin iya Turanci?"

Na ce, "Malam, da shi na yi digiri biyu."

Ya ce, "Madalla." Ya juya ga allo ya rubuta layi biyu da wannan karkataccen rubutun nasa na hagu. He must go to the office. He must be in the office. Ya ce, "Must ɗin nan guda ɗaya ce?"

Na ce e.

Ya ce, "Ta farko dole ce, umarni. Ta biyu kuwa ba wanda aka tilasta wa komai. Kin ga motarsa a waje, kin ga fitila a kunne, kika ce lalle yana ciki. Kowace ɗaya cikin ƙananan kalmomin nan fuska biyu gare ta. Ɗaya tana faɗin wa ke da iko a kan wa. Ɗaya tana faɗin iya abin da kika sani. Digirinki biyu fuska ɗaya kawai suka nuna miki. Zauna."

Na zauna. Ban sake fashin Asabar ba sai da dalili mai ƙarfi.

Ajin ba na masu koyon ABC ba ne. Akwai lauya, akwai nas, akwai fasto, akwai ma'aikatan ma'aikatu da ke zuwa da manyan motoci su zauna a benci kusa da dilar leshi. Ba ya raga wa kowa. Idan ka ce "He mustn't have seen it," sai ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Can't have! Kana hana shi ganin abin da ya riga ya wuce ne?"

Shi ya nuna min cewa mustn't da don't have to ba 'yan uwa ba ne, ɗaya hani ce, ɗaya sauƙi. Shi ya nuna min cewa da na ce wa darakta "Could you sign here, sir?" da fayil ɗin ya wuce lafiya, ba tare da na rage komai daga mutuncina ba.

Ya ce, "Ladabi ba tsoro ba ne. Ki san lokacin could, ki san lokacin must. Matsalar mutanen garin nan, suna could inda ya kamata su yi must, suna must a kan masinja."

Wata Asabar na kawo masa fura da nono daga wajen wata Bafulatana da nake saye. Ya karɓa ya ce, "You needn't have." Na ji wani iri, na ɗauka bai so ba. Ya buɗe robar ya fara sha, ya ce wa aji, "Ku lura. Needn't have na nufin ta riga ta kawo, ba dole ba ne, amma ga shi ina sha. Da na ce she didn't need to, wataƙila ma ba ta kawo ba, ina nan da yunwata." Daga ranar furarsa ta zama a wuyana.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Yana koyar da would ta al'ada, wadda ake faɗin abin da mutum ya saba yi a da. Ya ce kowa ya tashi ya faɗi abu ɗaya game da mahaifinsa. Babana bai daɗe da rasuwa ba, ban gaya wa kowa a ajin ba. Na miƙe na ce, "My father would wait for me at the motor park," sai murya ta ƙi fita.

Bai ce min in yi haƙuri ba. Ya ce wa aji, "Ku fita ku sha iska." Ya ja benci ya zauna kusa da ni, ya ce, "Ci gaba da Hausa. Wace tasha?" Na yi ta ba shi labarin Babana har masu shan iska suka gaji suka tafi gida.

Da muka yi addu'ar tunawa da Baba a coci, sai na hango shi a waje ƙarƙashin rumfa, da hularsa da sandarsa. Ya jira har aka tashi, ya gaishe da Mamata, ya tafi neman masallaci.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa nake wannan dogon rubutu.

An tura ni duba wani ginin makaranta mai hawa biyu da aka yi da kuɗin gwamnati a wajen Uke. An gama, an yi biki, yara sun shiga. Na je na gani da idona. Ginshiƙai sun tsattsage. Na sa aka fasa gefen ɗaya, rodin ciki siriri ne, ba wanda zane ya ce a sa ba. Simintin kuwa da yatsa nake murje shi. A saman kaina ina jin ƙafafun yara suna guje-guje.

Na dawo na rubuta rahoto. A ƙarshe na ce, "The building must be evacuated."

Ogana ya kira ni. Ya rufe ƙofa. Ya ce, "Injiniya, rahotonki ya yi kyau. Layi ɗaya kawai za ki gyara. Ki sa the building may require further assessment." Ya ce ɗan kwangilar yana da mutane a sama. Ya ce ƙarin girmana yana kan tebur. Ya ce ai Turanci ne kawai, ma'anar ɗaya ce.

Na ce zan duba.

Ranar Asabar bayan an tashi, na tsaya. Na gaya wa Malam komai. Na so ya ce min in yi kaza, in samu wanda zan jingina da shi. Bai ce ba.

Ya ce, "Rahila, kin sani ne ko kina zato?"

Na ce, "Na sani, Malam. Na taɓa rodin da hannuna."

Ya ce, "To may ta wanda bai sani ba ce. Kalma ce mai daraja, ta mai gaskiyar da iliminsa ya tsaya a wani wuri. Idan kin sani kika rubuta may, ba kuskuren Turanci kika yi ba. Ƙarya kika yi. Ni Turanci nake gyarawa a nan."

Ya ce, "Me za ki ce wa ogan naki?"

Na ce, "Zan ce masa I can't, sir."

Ya buga sanda. Ya ce, "Wa ya ɗaure miki hannu? Can't na nufin akwai abin da ya tare ki. Shi kuma gwani ne wajen kawar da abin da ya tare mutum. Zai tambaye ki mene ne, ya cire miki shi, ku koma inda kuka fara. Idan ƙi kika yi, ki faɗi kalmar ƙi. Amma ki sani tana da tsada. Dubi inda nake koyarwa."

Ya nuna dilolin atamfa da sandarsa, muka yi dariya, ni ina hawaye.

Ranar Litinin na shiga ofishin oga. Ya ce, "Kin gyara?" Na ce, "I won't, sir."

Ya ɗago kai. Ya ce, "You can't or you won't?"

Wallahi haka ya tambaya. Ashe shi ma ya san bambancin. Daga baya na ji cewa ya taɓa zama a ajin Malam a cibiya.

Na ce, "I won't, sir. With respect."

Rahoton ya wuce yadda yake, don ba wanda ya yarda ya sa sunansa a madadin nawa. Aka kwashe yaran, aka raba su a wasu azuzuwan ƙasa da rumfunan kwano. Ni kuma aka ɗauke ni daga duba gine-gine aka mai da ni sashen ajiyar tsofaffin fayiloli. Ƙarin girman ya wuce ni. Har yau can nake.

Kuma ginin bai faɗi ba. Yana nan tsaye, an kewaye shi da kwano. Na san abin da ake kirana a ofis. Madam Must. Idan na wuce, wani sai ya ce, "Injiniya, har yanzu dai bai rushe ba?"

Abin ya ci min rai, na kai wa Malam ƙara. Ya ce, "Kin rubuta will collapse?" Na ce a'a. Ya ce, "To fa. Ba annabci kika yi ba. Ba ki ce zai faɗi ranar kaza ba. Cewa kika yi bai halatta a bar yara a ciki ba. Mai dariyar ya kai nasa ɗan hawa na biyu mu gani."

Don haka ku ci gaba da kirana Madam Must. Na amsa.

Ganina da shi na ƙarshe Asabar ɗin da ta wuce ne. Na iso na tarar da Hajiya a ƙofar shago ranta a ɓace. Ta ce, "Ki yi masa magana, ko ke zai ji. Likita ya ce ya kwanta. Na ɓoye masa sanda, ya ɗauki muciya ya dogara ya fito titi."

Na shiga na same shi a kan kujera, ya rame, muciyar kuwa ga ta a jingine da allo. Na ce, "Malam, you should be in bed."

Ya ce, "Should. Shawara ke nan. Na ji, na gode. Ɗauki maka, alƙalamin allon nan."

Hannun hagun ma ya ƙi riƙe maka ranar. Shi yana faɗa a hankali, ni ina rubutawa a allo. Darasin might as well ne da kalmar Turancin nan dare. Da muryar ta gaza sai ya yi min alama da kai in ci gaba. Na ci gaba, ina yi ina waiwayensa. Sau ɗaya ya ɗaga yatsa ya gyara ni. Sauran ya lumshe ido yana saurare.

Da aka tashi na ce ba zai shiga motar haya ba, ni zan kai shi. Ya buɗe baki zai yi musu, na ce, "Malam, I will." Ya yi murmushi ya shiga.

Mun wuce Zuba ya ce in tsaya wajen mai gasa masara. Na saya masa, ya kasa ci, ya riƙe ta kawai yana shaƙar ƙamshin. Can ya ce, "Asabar mai zuwa shall za a yi. Ta dokoki da kwangila, wadda ke ɗaure mutum. Ke za ki ɗauka."

Na ce, "Haba Malam, ni injiniya ce, ba malama ba."

Ya ce, "Ni ma an ce min na gama. Kin fi kowa a ajin sanin abin da kalmomin nan ke jawo wa mutum. Ki koya musu."

Na ce, "Sai dai in riƙe maka kafin ka warke."

A ƙofar gida na kama shi ya sauko. Ya miƙo min masarar ya ce, "Kai wa yara." Ya juya ya shiga, yana dogara muciyar Hajiya.

Shi ke nan ganina da shi.

Ɗazu wani ɗan ajinmu ya turo min saƙo, wai shi ke nan aji ya watse, Allah Ya sa mu amfana da abin da muka samu.

Bai watse ba.

Na sake kiran Hajiya don in tambayi lokacin jana'iza. Ta ce bayan azahar, a Tungan Maje. Kafin in ajiye ta ce, "Rahila, makullin ɗakin baya yana wajen yarinyar shago. Ba zan mai da yadi wajen ba. Ku zo."

Za mu zo, Mama.

'Yan ajin Gudu, ranar Asabar lokacin da muka saba. Ban iya kamar shi ba, kuma ba zan iya ba. Zan yi kuskure, lauyanmu ya gyara ni, fasto ya gyara lauya. Amma za a buɗe ɗakin nan, za a goge allo, za a yi darasin shall. Duk wanda aka taɓa ce masa ya sassauta kalma ɗaya don a zauna lafiya, akwai benci, ya zo.

Yanzu zan tayar da mota in nufi Tungan Maje in zauna da Hajiya.

Ya Allah, ga bawanKa Habibu ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka saka masa da alheri a kan kowane yaro da ya koma gida lafiya daga makarantar nan. Ka ba Hajiya Binta da 'ya'yansa ƙarfin zuciya, Ka tsaya musu.

Ku da kuka karanta har nan, Musulmi da Kirista, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, ina roƙonku abu ɗaya. Kafin ku wuce, ku tsaya ku ambaci sunansa a addu'arku ta yau. Malam Habibu na Tungan Maje.

Amin.